Huji Huɗu a Ƙeyar Sarki Ɓauna

A Dajin Marke, masu tsaron abin da ya shuɗe su uku ne. Kunkuru ke riƙe da kogon ƙasusuwan magabata, Aku ta haddace waƙoƙinsu, Burgu kuwa yana adana busasshiyar lakar bakin tafki mai ɗauke da sawun manyan ranaku. Ba mai leƙa taskar wani, daji kuma yana zaune lafiya.

Kunkuru ne ya nace a haɗa taskokin. Ya gaji da gadin ƙasusuwan da bai san labarinsu ba.

Zaki, sarkin dajin, ya amince. A majalisa Waziri Dila ya miƙe ya ce, "Ranka ya daɗe, hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Gobe taskoki uku za su yi magana da baki ɗaya. A fara da Sarki Ɓauna, wanda tsufa ya ɗauke, ya bar wa kakanka gadon sarauta."

Bayan an watse, su ukun suka keɓe don gwaji. Kunkuru ya mirgino ƙoƙon kan Ɓauna, mai huji huɗu a ƙeya, waɗanda ya daɗe yana ɗora wa gara laifinsu. Aku ta rera: "Ya sunkuya shan ruwa, amininsa na bayansa." Burgu ya jawo lakar ranar mutuwar Ɓauna: sawun kofato a gaba, dagin zaki a baya.

"Ni waƙa kawai na gada, Baba," in ji Aku. "Ban taɓa tambayar wane amini ba."

"Laka ba ta da baki," in ji Burgu, "ni kuwa ina da iyali."

Kunkuru ya daɗe yana duban hujin. In ya faɗa, za a watsa ƙashi da laka cikin tafki, a murɗe wuyan Aku. In ya yi shiru, shaida za ta tsira, sai dai ba wanda za ta yi wa shaida.

Washegari ya tsaya gaban majalisa. "Allah ya ja zamanin sarki, mun gwada. Danshin laka yana ɓata ƙashi, ƙurar ƙashi tana shaƙe Aku. Gara kowa ya koma mazauninsa, mu riƙa gaisawa."

Dila ya yi murmushin wanda bai yi mamaki ba. Zaki ya yaba da hankalin dattijo, ya naɗa shi Sarkin Zumuncin Taskoki.

Ana naɗa masa rawani fili ya ɗauki sowa. Kunkuru ya kasa kunne. Ɓaunayen da ke tsaye can baya su suka fi kowa ɗaga murya.