Jatau da Takardar Ɗigo-ɗigo

A ƙauyen Tudun Kuka akwai wani magidanci, Jatau, da matarsa Kande da tsohuwarsa Iya Tasalla. Jatau ba shi da mugunta ko kaɗan, sai dai yadda aka faɗa masa magana haka yake ɗaukarta, ba ya ragi ba ya ƙari. Da damina ta yi gardama, Iya Tasalla ta roƙar masa aiki a wata ƙaramar masana'antar sabulu da ke bakin titi.

Malam Hudu, mai kula da ingancin kaya, ya kai shi gaban wata takarda manne a bango, mai layi uku a kwance. Ya ce, "Kowace awa ka auna sabulu, ka ɗiga nauyinsa a nan. Muddin ɗigon yana tsakanin layin sama da na ƙasa, injin lafiya lau. Ka sa ido a kanta sosai."

Wata rana Malam Hudu ya shigo ya tarar da Jatau ya kifa fuska a bango, sabulu na ta zubewa ƙasa a bayansa.

"Me kake yi haka?"

"Na sa idon dama a kanta tun safe, Malam. Yanzu na canza na hagu."

Wata rana kuma aka ce masa, "Kada ka bari ɗigo ya fita waje ba ka kira ni ba." Jatau ya rufe ƙofa da tagogi, ya toshe ƙasan ƙofar da tsumma. Zafi ya taru, sabulu ya yi laushi, ma'aikata suka jiƙe da gumi. Da aka buɗe da ƙyar, ya ce, "Ƙirga su, Malam. Ko ɗaya bai fita ba."

Ana nan sai ɗigon ya fara tsallake layi sau biyu ko uku a yini. 'Yan kasuwa suka fara dawo da kaya, wai sabulun wani ƙato wani ƙarami. An kwance injin an ɗaura, an sake awo, ba a gane komai ba. Mai masana'antar ya ce in mako ya cika a haka, zai rufe.

Wata rana Malam Hudu, ransa a jagule, ya ce, "Jatau, duk abin da ya faru lokacin da kake ɗigawa, ka rubuta a gefe."

Bayan kwana uku takardar ta cika maƙil. Malam Hudu ya karanta yana dafe kai. "Akuya ta leƙo. Kande ta aiko da ɗumame. Na yi atishawa. Sabo direba ya jona hitar shayi." Ya ɗaga hannu zai yage ta, sai ya dakata. Ya bi ta da yatsa. Duk inda ɗigo ya tsallake layi, shayin Sabo na gefensa. Ashe hitar da injin yanka sabulun waya ɗaya suke sha, in ta ja wuta sai injin ya rage gudu.

Aka cire hitar, ɗigon ya koma tsakanin layi.

Malam Hudu ya dafa kafaɗarsa ya ce, "Jatau, kai ka gano ciwon injin nan."

Jatau ya zaro ido. "Ashe ba shi da lafiya, ba wanda ya gaya mini?"

Ya cire hula, ya je gaban injin ya durƙusa, ya ce, "Sannu. Allah ya ƙara sauƙi."