Ranar da Majinyacina Ya Kayar da Ni

Wataƙila na manta wasu abubuwa, amma ban da faɗuwar.

Ina bautar ƙasa a wani asibiti a Illela aka kawo Baba Ummaru daga Kalmalo, ƙafarsa ta daina ɗaukarsa. Na karanta cewa kiɗa kan taimaka, sai na ɗauko makaɗi ina ta baza ilimi. Ashe Baba tsohon ɗan kokawa ne, makaɗin kuma ya san takensa, sai ya kaɗa shi.

"Wa ka kirana?" in ji Baba. Ya miƙe, ya cafke ni, sai ga ni a ƙasa.

Har yau nas-nas suna tambayata yaushe za mu sake karawa. Su yi ta yi! Ya miƙe ko bai miƙe ba? Wanda ya gani ya gyara mini, amma ni dai na ce santsi ne.