Barcina Yana Gabi

Wata uku bayan an yi mini aikin rage tumbi, na dubi madubi na yanke hukunci: na warke. Likita ya ce kada in daina kwana da injin da ke hura mini iska a hanci, don numfashina yakan tsaya cikin barci. Amma likita bai ga yadda riguna suka yi mini yawa ba.

Mu nan, maganin da ya yi maka rana, ɗan'uwa kake miƙa wa. Na kai wa Yaya Sani injin har garin Gabi, ina ta koya masa ɗaurawa kamar ni na ƙera shi.

Da ma albarkacin injin nan ne matata Hadiza ta dawo ɗakina, bayan shekara huɗu da minsharina ya kore ta. Washegarin ranar da na ba da shi, na tashi kaina na sarawa, ga ta tana naɗe tabarmarta.

"Alhaji, tumbin suka yanke, ba minsharin ba."

Na kira Yaya don in karɓo injina. Ya ce, "Ƙanena, ban taɓa barci mai daɗin wannan ba. Allah ya saka."

Na ce amin, na bar masa injin.

Har yau in motar Gabi za ta tashi, direbobi sukan ce, "Alhaji, mu gaishe maka da barcinka?" Nakan yi dariya, ina bin motar da kallo.