Murhun Kaka Gunvor Ya Tsage

"Lafiya lau, tunda ba gawata ka tarar ba," in ji Kaka Gunvor, tun jikanta Sindre bai gama kakkaɓe ƙanƙarar takalminsa ba.

Ni maƙwabcinta ne, gahawa ta kawo ni. Tsohon murhunta na ƙarfe ya soma zuƙar iska ta ko'ina, yana lamushe itace babu ɗumi. Ran Litinin mai duba murhu zai zo. In ya hana hura shi, ɗanta zai kwashe ta zuwa birni, ita kuwa gara mata kabari. Amma abin da ke cin ta yau, kafin ya zo nata, Sindre ya fara gyara murhun Oddny, kakarsa ta wajen uwa.

"Haba tsohuwa, gidanta ne a kan hanya," in ji Sindre.

"Hanyar cikinka dai! Da waina uku ta saye ka. Ni da na wanke maka kashi?"

"Ta ce sau ɗaya kika wanke, kika shekara kina ba da labari."

Ya maƙala takarda a bakin ƙofar murhun, ya rufe, ya ja. Takardar ta zare salin-alin.

"Kin gani? Igiyar toshe ƙofar ta mutu. Wa kuma ya cusa wannan ƙazantar a tsagar?"

"Toka da gishiri ne, jahili! Haka kakanka yake yi."

"Shi ya sa murhun ya fi ki tari."

"Wace irin igiya ka sa wa waccan?"

"Siririya."

"Ni mai kauri za ka sa min."

"Ƙofar ba za ta rufu ba."

"To sa irin tata, amma ka gaya mata tawa ta fi."

Ya kankare, ya shafa gam, ya danna sabuwar igiya, ya cike tsagar da siminti. Wannan karon sai da takardar ta yage.

"Ya toshe. Amma ba wuta sai gobe war haka, sai gam ya bushe."

"A wannan sanyin? Ina zan kwana, mugu?"

"Oddny ta shimfiɗa miki gado. Ita ta koro ni nan, wai in aka kai ki birni, da wa za ta yi faɗa?"

Idon Kaka ya ciko. Wallahi ni ma sai da na kau da kai. Can ta tuntsire da dariya, ta jefa masa safar da ta saƙa, ƙafa ɗaya.

"Ɗayar fa?"

"Sai na ga irin bargon da Oddny za ta ba ni."