Kwalin Gaban Lagireto

Ba zan taɓa mantawa da ranar auren 'yata Rahila ba, ko da yake ban ga ɗaurin auren da idona ba. Ni ne uban amarya, ina cikin garin, lafiyata ƙalau, tun da safe na sa babbar rigata. Abin da ya hana ni shiga coci da ita kwali ne, kwalin doya.

A gida na yi shekaru ina jan motar haya tsakanin Kafanchan da Kaduna. Saboda haka da na zo New York, duk da aikin gadi nake yi a wani gini, kallon masanin mota nake yi wa kaina. Karatuna bai wuce firamare ba, amma in aka zo maganar inji ba na barin kowa ya kai aya. Ina da wata tsohuwar mota ruwan toka mai kujeru layi uku, wadda na saya a hannun wani ɗan Nijar da zai koma gida. Ba ta da kyau, amma tana tashi.

Hunturun da ciwon ƙodar matata Hannatu ya yi tsanani, ni nake kai ta wankin ƙoda da sassafe. A Highbridge muke zaune, cikin Bronx, kan tudu, inda iska ke tasowa daga kogi tana shiga har ƙashi. Motar kuwa ba ta ɗumi da wuri. Sai mun kusa asibiti hita ke fara kawo iska mai ɗan zafi. Hannatu ba ta ƙorafi. Hannayenta kawai take cusawa tsakanin gwiwoyi, ina tuƙi ina jin haƙoranta suna karo da juna.

Maƙwabcinmu Malam Isufu, mutumin Kumasi mai jan tasi, shi ya ba ni shawara. Ya ce, "Baban Rahila, iska ne yana shiga gaba yana kashe maka zafi. Nemo kwali ka toshe masa hanci. Amma ka bar rami kaɗan, inji ma yana numfashi."

Na je shagon da muke sayen kayan abincin gida, na roƙi kwalin doya, na yanka, na ɗaure a ragar gaban mota da waya. Bai yi sati ba dusar ƙanƙara ta jiƙa shi, ya saki, yana reto kamar harshen kare. Hannatu ta gani ta taga ta yi ta dariya har da tari. Rabon da in ji dariyarta an daɗe.

Ta ce in kawo wani kwalin. Ta naɗe shi da leda, ta ɗauko tsohon zanenta na zumuntar mata, wanda take sawa in za su yi waƙa a coci, ta hau keken ɗinki. Tana yi tana hutawa. Ta lulluɓe kwalin tsaf, ta bar taga a tsakiya yadda Isufu ya ce, ta ɗinka igiya a kowace kusurwa. Aiki ya yi kyau, amma ni kunya ta hana ni ɗaura shi a waje, kar a ce motar Baban Rahila ta ɗaura zane. Sai na buɗe bonet na zura shi bayan raga, daidai gaban lagireto, inda ido ba ya kaiwa. (Da a waje na ɗaura shi, da duk wanda ya wuce ya tuna mini.)

Ya yi aiki kuwa. Kafin mu gama sauka tudu mota ta ɗauki ɗumi. Ranar farko Hannatu ta miƙe ƙafa ta ce, "Yau na san ina da yatsu." Sai ta juyo ta dube ni.

"In sanyi ya wuce ka cire shi, ka ji?"

Na ce, "Hannatu, ni za ki koya wa mota?"

Ta ce, "Ni ban san mota ba. Kai na sani."

Ba ta ga ƙarshen sanyin ba. Kafin itatuwa su fara toho Ubangiji ya kira ta. An riga an sa bikin Rahila a watan Yuli, kuma tana kwance ta ce kar a ɗaga. Ta kama hannuna ta ce, "Kai za ka riƙe ta ka shiga da ita. Kar ka bar wa kowa." Na ce mata ko da rarrafe ne zan shiga da ita.

Bayan rasuwarta na daina tuƙi. Jirgin ƙasa nake shiga in je aiki. Motar ba na taɓa ta sai ranar da masu sharar titi za su wuce, in mayar da ita ɗaya gefen in kashe. Inji bai taɓa yin zafin da zai tona mini asiri ba. Sau ɗaya, da gari ya fara ɗumi, na buɗe bonet zan duba baƙin mai, sai na hango bakin zanen nan da ɗinkinta a jiki. Na tsaya ina kallo. Hannuna ya ƙi zuwa wurin. Na rufe bonet na ce gobe.

A Port Richmond za a ɗaura auren, can Staten Island, cocin su Ishaku angon. Ginin ba nasu ba ne, haya suke yi na 'yan sa'o'i, suna fita wata jama'a na shiga. Rahila, wadda a nan ta girma kuma Hausarta rabi da rabi ce, ta same ni ta ce, "Daddy, Ishaku ya riga ya yi booking ɗin mota, fara, mai kyau. Kai ka zauna a baya da ni kawai."

Na ce a soke. Na ce motar da ta yi ta kai uwarta asibiti ita za ta kai ta coci, kuma ni zan ja. Na faɗi haka a gaban mutane, da murya irin ta wanda ba a yi wa musu. Idonta ya kawo ruwa, ta ce to. Na ɗauka na yi magana mai nauyi.

Ranar bikin rana ta buɗe tun da hantsi. Ƙawayen amarya suka yi wa motar ado, suka jera furannin roba da ƙyallaye a kan ragar gaba, wato ɗan ramin da ya rage wa iska ma suka rufe. Ina tsaye ina nuna musu inda za su ƙara. Rahila ta shiga baya da farar rigarta, kusa da ita Talatu, ƙanwar Hannatu, wadda ta shekara ashirin tana cewa ba na jin magana. Isufu ya biyo mu a tasi da ƙawaye. Ya ce shi Musulmi ne amma ko a bakin ƙofa zai tsaya, yarinyar a gabansa ta girma.

Muka fita daga Bronx lafiya. A babban titin da ya ratsa Brooklyn muka faɗa gosulo, ana tafiya ana tsayawa, kwalta na tiriri. Na ɗan leƙa allurar zafi, na ga ta wuce tsakiya. Na sake leƙawa, ta ƙara gaba.

Nan take na tuna da zanen.

A nan ne nake so mai karatu ya gane girman wautata. Ba mantuwa ce ta kashe ni ba. A daidai lokacin da na tuna, akwai hanyar sauka a damana, har ina hango gidan mai. Aikin bai fi in tsaya, in kwance igiya huɗu, in zaro kwali ba. Amma sai na ga kaina cikin babbar riga ina zaro zanen Hannatu daga cikin inji, Talatu na kallo, ƙawayen amarya na ɗauka da waya. Na ce a raina ai saura kaɗan, da zarar hanya ta buɗe iska za ta shiga. Ta ina iskar za ta shiga, ban tambayi kaina ba. Na wuce gidan man.

Sai na yi dabarar tsofaffin direbobi. Na kashe na'urar sanyi, na kunna hita har ƙarshe don ta janye zafi daga inji. A watan Yuli, da amarya a baya.

Talatu ta ce, "Baban Rahila, gasa mu za ka yi? Dubi kwalliyar yarinya tana narkewa!"

Na ce a sauke gilashi, iskar Allah ta fi.

Rahila ta ce, "Daddy, motar okay ce?"

Na ce, "Ƙalau take. Allurar ce ba ta da gaskiya."

Muna gab da hawa babbar gadar shiga Staten Island na ji wani wari mai zaƙi-zaƙi, sai farin tururi ya turnuƙe gilashin gaba. Da ƙyar na ja gefe. Inji ya yi tari ya mutu.

Isufu ya tsaya a bayanmu, ya zo da tsumma ya ɗaga bonet. Koren ruwa na tsiyaya a ƙasa, har ya fallatsar mini a riga. Ni kuwa har lokacin ban saduda ba. Ina cewa, "Fanka ce, fankar ce ta mutu, dama na ji tana ƙara." Ya leƙa bayan raga, ya ɗago ya dube ni, ya sake leƙawa. Ya sa hannu cikin tsumma ya kwance igiyoyin, ya zaro shi a hankali.

Talatu ta fito tana shirin zazzaga mini masifa. Da ta ga abin da ke hannunsa sai muryarta ta sauka.

"Wannan ai zanen Yaya ne."

Ba wanda ya yi dariya. Da sun yi, da na fi samun sauƙi. Rahila ta fito tana tattare rigarta, motoci na wucewa suna danna mata oda. Ta dubi zanen, ta dube ni.

"Ka san yana ciki?"

Na ce, "A hanya na tuna."

"A ina?"

"Kafin gidan man nan."

Ta mayar da idonta kan zanen.

Ɗan sanda ya iso, ya ce wurin ba na tsayawa ba ne, tasi ta wuce yanzu, mai mota kuma ya tsaya da motarsa har janwe ta zo. Isufu ya roƙe shi, ya nuna amarya, ya ce shi zai tsaya a madadina. To wa zai ja tasin? Ta kamfani ce, ni ba ni da izinin taɓa ta. Na ce su tafi, ina bayansu, a gaya wa fasto ya ɗan jira.

Kafin ta shiga tasi Rahila ta karɓi abin daga hannun Isufu. Ta nemi reza a jakar Talatu, ta bi ɗinkin uwarta tana farkewa har ta raba zanen da kwalin. Talatu ta ce, "Zai ɓata miki riga." Ta ce, "Ya ɓata." Ta tafi da zanen, ta bar ni da kwali.

Haka na tsaya a gefen titi, dattijo da hula da babbar riga, a gaban mota mai furanni tana hayaƙi, riƙe da kwali mai hoton doya. Wani ya sauke gilashi ya yi mini ihun murna. Na ɗaga masa hannu, don ban san me zan yi ba. Janwe ba ta zo da wuri ba. Da ta zo, mai ita ya ji tausayina ya tsallaka da ni gada ya sauke ni inda zan samu bas.

Ina isa cocin na tarar mutanenmu na fitowa, ɗaya jama'ar kuma na shiga da gangunansu. Fasto ya jira iya abin da zai iya.

Talatu ce ta ba ni labari daga baya. Ta ce kawun Ishaku ya miƙa hannu zai shiga da amarya, Rahila ta ce a'a, ta gode. Ita kaɗai ta taka har gaba, ta naɗe gindin furanninta da zanen. Da fasto ya tambaya wa ya ba da wannan mace aure, coci ta yi tsit. Talatu ta ce ta buɗe baki za ta ce mu ne, sai ta ji yarinyar ta ce, "Mamata."

A bakin ƙofa muka haɗu. Na shirya kalmomin ban haƙuri tun a cikin bas, amma ko ɗaya ba ta fito ba. Ta sa hannu ta gyara mini hula, ta ce, "Daddy, ka ci abinci?" Har yau da zagina ta yi da ya fi mini daɗi. Ina cikin hotunan waje duka, da koren tabo a gaban riga. A na cikin coci babu ni, kuma ba za a sake ɗaukarsu ba. Abu ɗaya Hannatu ta roƙe ni game da motar, abu ɗaya game da yarinyar, na haɗa su na zubar rana guda.

Injin bai sake tashi ba, masu sayen ƙarfe suka ɗauke motar. Zanen yana gidan Rahila, da baƙin tabonsa, ba ta wanke ba. Kwalin yana bayan kabad ɗina.

Yanzu na zama abin tsokana a layinmu. Da zarar itatuwa sun fara toho sai in bi motocin mutanenmu ina leƙa ragar gaba, ina tambayar sababbin zuwa ko sun cire kwali. Isufu in ya hango ni sai ya ce, "Ga sufeto ya fito!" Ba na jin haushi. Duk wanda ya tsaya ya saurare ni, abin da nake gaya masa bai da yawa. In za ka sa wa mota kwali, ɗaura shi a waje inda kowa zai gani, a yi maka dariya a hunturu a gama. In kuma matarka ta ce ita ba ta san mota ba, kai ta sani, to ka yi shiru ka nemo abin kwance igiya.