Fatar Ɓera a Gidan Surukai

Ko zan manta da komai, ba zan taɓa mantawa da wata Asabar ba, lokacin ina digiri na biyu a Samaru. Aikina rainon fata a kwalba. E, fata. Ƙwayoyin jikin ɓera muke shukawa a kan wata 'yar raga mai laushi, cikin ruwa mai kalar zoɓo, har su haɗe su zama fatar da za a gwada maganin ƙuna a kanta. Ta sha mace mini, har Dokta Ladi, mai duba aikina, ta ce in wannan ta tafi sai dai in maimaita shekara.

Abin ba ya rayuwa sai a akwatin ɗumi, daidai zafin jikin mutum. Ranar kuwa aka ɗauke wuta, janareta ba mai, ga shi bayan la'asar zan je gaida mahaifin Hadiza, yarinyar da nake nema, karon farko. Na shiga, na fita, na taɓa akwati, na harari ƙwan lantarki, na sake taɓa akwati. Zama ya gagare ni. Can sai dabara ta faɗo mini (Allah ya raba mu da dabarar mai gaggawa): ai ni ma zafin jikin mutum gare ni! Na ɗaure 'yar kwalbar robar a cikina da bandeji, na zura farar shadda, na hau acaɓa zuwa Sabon Gari ina ta "Malam, a hankali don Allah," sai ka ce mai tsohon ciki.

Abin da ban tuna ba shi ne gaisuwa. Wa ya isa ya gaida suruki a tsaye? Alhaji, mahaifin nata, na kan tabarma a ƙofar gida da abokansa. Na tuɓe takalmi, na zube, na duƙa iya duƙawa. Ji kake ƙas! Ɗumi ya bi cinyata, gaban rigata ya yi ja.

"Subhanallahi! Yaro, soka maka wuƙa aka yi?" in ji Alhaji.

"A'a, Baba. Fata ce."

"Fatar wa?"

"Ta... ta ɓera ce, Baba. Rainonta nake."

Wani dattijo ya janye ƙafarsa yana motsa baki. Alhaji ya daɗe yana kallona, sannan ya ce, "To. Allah ya raya."

Wallahi da ƙasa ta tsage da na shige. Ga kunya, ga aikina yana ɗiga a kan tabarmar mutane.

Ran Litinin Dokta Ladi ta saurare ni har ƙarshe, ta cire tabarau. "Kai, ba ka san akwatin na riƙe ɗumi in yana rufe ba? Fitarka ke da wuya aka dawo da wuta."

Shekarar dai na maimaita ta. Hadiza an ba ni, amma har yau a gidansu sunana "mai goyon ɓera". Yanzu in hankalina ya tashi kuma dabara ta faɗo mini, wuri nake nema in zauna har ta wuce. Kuma kafin in durƙusa wa kowa, sai na shafa cikina.