Yadda Za Ki Gyara Wayar Kwamfutar Maigida Bayan 'Yarki Ta Bi Ta da Almakashi

"Mama, in aka yi wa kwamfuta aski, gashin yana sake tsirowa?"

Idan 'yarki mai shekara huɗu ta yi miki wannan tambaya da almakashi a hannu, kada ki amsa. Karɓe almakashin tukuna, ki duba yatsunta ɗaya bayan ɗaya, sannan ki zauna ki karanta wannan. Na yi miki alkawari, in kin bi matakan nan yadda na bi su, 'yarki za ta fita ba ko ƙwarzane. Ban ce komai a kanki ba.

Mataki na ɗaya: San abin da aka ɓata

A cikin kowace kwamfutar tebur akwai akwati mai raba wuta, wayoyi na fita daga jikinsa. Mafi girma damin waya ne guda ashirin da huɗu, kowace da raminta a soket ɗaya. Maigidana ya kwashe mako uku yana sa wa kowace saƙaƙƙiyar riga ta zaren roba, fara da shuɗiya, don a riƙa hango su ta gilashin gefe. Kada ki tambayi amfanin haka. Na tambaya sau ɗaya, na sha bayanin minti arba'in a tsaye da tsintsiya a hannu.

Ya gama, ya ajiye damin a tebur zai haɗa da yamma. 'Yata ta tsarge riga uku. Na duba da kyau, ba ta taɓa wayar ciki ba.

Mataki na biyu: San abin da kike karewa

Ba tsoron duka ba ne, bawan Allahn nan ko tsawa bai iya ba. Kujera ce. 'Yata tana da 'yar kujera kusa da teburinsa, kullum ya dawo aiki nan take zama tana ware masa guntayen riga fari daban shuɗi daban, yana kiranta Injiniya. Duk yini wannan awa ɗayar take jira. Kuma da bakinsa ya taɓa cewa, "Ranar da aka taɓa mini wani abu a ɗakin nan, kwaɗo zan sa wa ƙofar, kowa ya huta." Mutum ne da in ya faɗi magana sai ya cika, ko da shi ma za ta dame shi.

Mataki na uku: Zare wayoyin

Tabbatar damin ba ya haɗe da komai. Wannan ba wasa nake ba. Akwatin wutar kansa kuwa ko da wasa kada ki kwance shi, yana riƙe wuta ko an cire shi daga bango.

A bakin kowace waya akwai ɗan ƙarfe mai kunnuwa biyu da ke maƙale ta a rami. Nemi siririn ƙarfe mai baki biyu a aljihun teburinsa, ki zura, ki danne kunnuwan, ki ja a hankali. Masana sun ce a ɗauki hoto tukuna, a zare waya ɗaya, a gama da ita, a mayar, sannan a taɓa ta biyu. Masana ba su da tukunya a kan wuta. Na zare ukun a tare.

A nan za ki gano cewa a ƙarƙashin rigar duk wayoyin baƙaƙe ne, kamarsu ɗaya. Kada ki damu. Ni ma a lokacin ban damu ba.

Mataki na huɗu: Sa riga

Auna sabuwar riga daidai tsawon waya, ki yanke. Bakin zai fara warwarewa, sai ki ɗan haska masa laita ki murza da yatsa. Zai ƙone ki. Yi shiru, yarinya na kallo.

Naɗe ɗan ƙarfen da salatif kada ya kama zare, sannan ki riƙa tura rigar tana tattarewa tana miƙewa har ta kai ƙarshe. Duk macen da ta taɓa zura wa wando roba ta wuce wannan wajen.

"Mama, za mu gaya wa Abba?"

"Za mu gaya masa in ya ci abinci."

"In bai ci ba fa?"

"Riƙe mini salatif."

Mataki na biyar: Roba mai tsukewa

Wata 'yar baƙar roba ce kamar guntun tsinken shan lemo, in ta ji zafi sai ta tsuke ta riƙe bakin rigar. Zura ta inda riga ta haɗu da ƙarfe. Na'urar busar da gashi ba za ta yi ba, na gwada, iska kawai ta kwashe mini robobi shida zuwa ƙarƙashin kabad. Koma wa laita, ki tura yarinya bakin ƙofa, ki riƙa juya wayar nesa da harshen wuta. Ta farko za ta ƙone. Ta biyu za ta karkace. Buɗe taga.

Mataki na shida: Mayar da kowace raminta

Rami uku, waya uku. Na tsaya ina kallonsu, su ma suna kallona. Sai na bi tsarin launi, fara inda fara ta dace, shuɗiya inda shuɗiya ta dace. Shuɗayen biyu ne, na sa kowace inda ta fi kwanciya. Kowace ta yi ƙas ta zauna. Wallahi ya yi kyau, har ya fi nasa miƙewa.

Mataki na bakwai: Ɗauki laifin

Ya dawo, ya ci abinci, suka shiga ɗakin shi da Injiniya. Ashe ba ya haɗa waya sai ya bi ramukan da mitar gwada wuta ɗaya bayan ɗaya. Ina goge tebur ɗin da na riga na goge sau biyu na ji ya kira ni.

"Maman Injiniya, wa ya taɓa wannan?"

"Ni ce. Ina shara."

"Shara ta zare waya biyu ta musanya musu rami?" Ya nuna mini da bakin mita. "Wannan mai wuta da ƙarfi ce, kin sa ta inda ake son kaɗan. Da na kunna, da komai na cikin nan ya tashi aiki."

Na buɗe baki ke nan aka riga ni daga kan 'yar kujera.

"Abba, ni na yanka. Mama ƙonawa kawai ta yi, da ɓatawa."

Ya dube ta, ya dube ni, ya dubi yatsana mai bororo.

"Injiniya, gyaran yankakkiyar riga aikin minti goma ne, kuma kin faɗi gaskiya. Gobe zan koya miki inda ake yanka." Ya juyo. "Ke kuwa, Hajiya, sai dai haƙuri."

Washegari ya sa kwaɗon, don ya riga ya faɗa. Makulli biyu ne, ɗaya a aljihunsa, ɗaya rataye a ƙusa daidai tsawon mai shekara huɗu, da sharaɗin sai yana gida. Ni ina ƙwanƙwasawa. In na kawo ruwa ita ke karɓa a bakin ƙofa, ta ce, "Mama, kar ki taɓa komai."

Kin ga hanyar ta yi aiki. Laifin yaro ba ya ɓoyuwa, sai dai uwa ta aikata wanda ya fi shi girma ta tsaya kusa da shi.

Sanarwa

Mai wannan rubutu ba ta da hannu a ƙonewar yatsa, labule, kwamfuta ko zaman lafiyar gidanki. Ban san ki ba, ba ki san ni ba. Amma ki ji da kyau, 'yar'uwa: in mijinki ba mai gwadawa da mita ba ne, kada ki bari a haɗa wayar da kika taɓa, ko da za ki tona wa kanki asiri a tsakar falo. Wuta ce, kuma 'yarki a gefen teburin take zama.